Ranar da Yaya Habu Ya Rushe Soron Babanmu

Da watan Sha'aban ɗin nan da muke ciki yayana Habu Magini ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki alƙalami in ajiye. Dalili kuwa, duk abin da na rubuta sai ya fito da fuskar ta'aziyya, shi kuwa Yaya mutum ne da ko gidan makoki ya je sai an tsawata masa don ya sa mutane dariya. Bana na ce bari in ba da labarin lokacin da na ga ya fi farin ciki a rayuwarsa. Mai karatu zai yi mamaki in na ce lokacin shi ne makon da ya rushe soron da mahaifinmu ya gina.

Asalinmu Gaya ne, amma a Ajingi muka tashi. Babanmu magini ne, kuma aikin da aka san shi da shi wani soro ne da ya gina can gaba da Toranke, a bakin wani rafi inda fatake ke tsallakawa. Soron Mashigi ake ce masa. In rafin ya kawo ruwa, a nan matafiya ke zama su jira ya janye. Faɗinsa taku goma sha biyu ne, kuma babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarsa. Bakuna biyu ne kawai suka tashi daga bango suka haɗu a sama suka riƙe rufin. Baƙo in ya shiga, kafin ya yi sallama sai ya ɗaga kai. Mutane suka ce ai da asiri, wai Baba ya binne laya a cikin bakan, wasu ma suka ce aljanu ne ke tallafe da rufin.

Baba ya rasu Yaya bai fi shekara goma sha uku ba, ni kuwa ban san fuskarsa sosai ba. Yaya ya gaji sana'ar, ya koyi sauranta a hannun wasu magina. Katanga, rumbu, ɗaki, shafen makuba, duk babu wanda ya fi shi a ƙasarmu, ga shi da zafin nama, aikin kwana goma sai ya yi shi a shida. Amma baka ta gagare shi. Sau biyu ya ɗaura babbar baka a zauren mutane, sau biyu tana sunkuyowa bayan damina, dole ya koma ya kafa ginshiƙi a tsakiya ya tokare ta. Daga nan mutanen Ajingi, waɗanda Allah bai rage su da baki ba, suka raɗa masa Habu Mai Ginshiƙi. Ranar kasuwa in ya wuce rumfar mahauta sai wani ya ce, "An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma mu dai mun ga ta Ajingi." Yaya ya yi dariya tare da su, har ya ƙara musu da wata. Sai mun koma gida nake ganin yadda abin ke cinsa. Sau da yawa yakan tafi Mashigi ba da wani dalili ba, ya kwanta rigingine a tsakiyar soron yana kallon rufi, ya dawo ya ce mini, "Sule, abin yana ciki. Ƙasa ce ta rufe shi."

Ni a lokacin na ɗan taɓa karatun boko a Kano, na sami Turancin da zai ci da ni tuwo. Da Turawa suka zo jan layin dogo daga Kano zuwa gabas, sai aka ɗauke ni tafinta a wajen injiniyan da ke kula da gadoji. Bature ne jajir mai ƙarancin magana, kullum bakinsa da lofen shan taba, don haka leburori suka sa masa Mai Lofe. Wata rana muna biye da masu awo suna kafa turaku, na ga layin turakun ya miƙe ɗoɗar ya shiga ƙofar Soron Mashigi ya fita ta bayansa. A daidai nan ƙafar gada za ta zauna. Dagacin wurin ya zo ya yi roƙo, ya ce a karkata ko da kaɗan. Mai Lofe ya ce jirgi ba jaki ba ne da za a ce masa kauce, kuma nan ne kawai aka sami dutse a ƙarƙashin rairayi. Ya ce ranar Litinin za a sa sarƙa a ɗaure bango, leburori ɗari su ja, kafin azahar an gama. Da bakina na fassara wa dagaci wannan magana, kuma har yau in na tuna sai in ji nauyi.

Na taho Ajingi ina ta juya yadda zan gaya wa Yaya. Na same shi a tsakar gida yana shan fura, matarsa Yaya Kande tana tsince gyaɗa a gefe. Na yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman aure, har ya gaji ya ce, "Kai Sule, wa ya mutu?" Na ce babu wanda ya mutu, soron Baba ne za a rushe. Ya ajiye ludayi. Ya ce, "Da gaske?" Na ce da gaske. Ya ce, "Har ƙasa?" Na ce har ƙasa. Sai na ga fuskarsa tana buɗewa, ya miƙe tsaye ya tafa hannu ya ce, "Alhamdu lillahi! Faɗuwa ta zo daidai da zama!" Yaya Kande ta saki faifai ta ce, "Sule, kama shi, baƙin ciki ya taɓa masa kai." Ya ce, "Ke Kande, shekara ashirin ina son in fasa bakan nan in ga abin da Baba ya yi a ciki. Wa zai bar ni? Da na taɓa shi da an ce ɗan ya haukace. Yau ga gwamnati da kanta ta ce a fasa."

Murnarsa ta tsaya ne da na gaya masa zancen sarƙa. In aka ja bango rufin ya rufto gaba ɗaya, azara za su kakkarye, ƙasa ta cuɗe, ba abin da za a gani sai tsibi. Shi so yake a kwance ginin kamar yadda magina ke kwance aikin magini: daga sama, a bi da baya, abin da aka ɗora ƙarshe shi za a fara cirewa. Ya ce kwana goma yake bukata, in je in roƙa masa. A nan, jama'a, na nuna halina. Na ce ba zan iya ba, Bature ba ya son a maimaita masa magana, kuma ni aikina nake tsoro. Ya dube ni ya ce, "To ba sai ka roƙa ba. Ni zan roƙa, kai dai ka ara mini bakinka."

Washegari ya sa rigarsa ta Juma'a muka tafi. Ya durƙusa ya gai da Mai Lofe, ya ce, "Ranka ya daɗe, leburori ɗari za ka sa su rushe, sannan kwana nawa za su yi suna kwashe ƙasar?" Na fassara. Mai Lofe ya ce uku ko huɗu. Yaya ya ce, "To ka bar leburorinka su ci gaba da aikin hanya. Ka ba ni kwana goma, zan miƙa maka wurin a share kamar masussuka, ko tsinke ba za ka gani ba." Bature ya tambaya, da waɗanne mutane? Abin da bai sani ba shi ne, a wajen manomi tsohuwar ƙasar gini taki ce da ta fi kashin shanu, musamman wadda ta sha hayaƙi da fitsarin jakai shekara da shekaru. Kowa zai zo da jakinsa ya kwasa, har da godiya. Mai Lofe ya cire lofe daga baki, abin da ba kasafai yake yi ba, ya ce kwana bakwai, in rana ta faɗi ran na bakwai akwai sauran bango a tsaye, sarƙa za ta yi aikinta. Yaya ya ce ya yarda.

Ban taɓa ganin rushe gini irin wannan ba. Gayya aka yi sosai. Mutane suka zo daga Toranke da ƙauyukan kewaye, jakai da mangaloli sun yi layi har bakin rafi. Makaɗin gangar noma ya zo ba wanda ya kira shi. Fulani masu nono suka kafa kasuwa a gindin tsamiya, mai tsire ya hura wuta. Tsofaffi suka shimfiɗa buzu a inuwa, kowa na ba da labarin damina kaza da ya kwana uku a soron yana jiran ruwa, wani ma ya ce a nan ya fara ganin matarsa. Rabin taron kuwa, in za a faɗi gaskiya, layar nan suka zo gani. Yaya shi kaɗai ke saman bakan da 'yar sangwamarsa ta haƙar ƙasa. Sauran bango ya bar wa jama'a, amma baka ko yatsa bai yarda wani ya sa mata ba.

Ga wanda bai san aikin ba, hawa-hawa ake ɗaura baka. A kafa azara a bango ta leƙo ciki, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, sannan a ɗora wasu su ƙara leƙowa, daga bango biyu, har su haɗu a tsakiya. Yaya ya riƙa ɓantare ƙasar a hankali, ya kwance igiya, ya zare azara ɗaya ɗaya, ya auna ta da kamu, ya shinshina ta, ya miƙo ƙasa. Kwana ɗaya, biyu, uku, huɗu. Babu laya, babu aljani. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, babu wani abu sabo. Azarar namijin giginya ce irin wadda yake amfani da ita. Ɗaurin irin nasa ne. Kwaɓin ƙasar ma bai fi nasa ba. Ya gama baka ta farko kaf bai ga komai ba.

Ran kwana na biyar da la'asar na same shi zaune a kan bango ya rataye ƙafafu, ganga na tashi a ƙasa amma shi ko kai ba ya kaɗawa. Na hau na zauna kusa da shi. Ya ce, "Sule, in duk abin da Baba ya yi shi nake yi, to ashe laifin a hannuna yake. Na rushe masa soro a banza, kuma gobe ba ni da inda zan je in kwanta in ce abin yana ciki." Can nesa ina hango sarƙar Mai Lofe a naɗe a gindin tanti.

Ran na shida da hantsi yana kan baka ta biyu, ya ɗaga ƙasar hawa na uku, sai ga gidan zanzaro manne a jikin hawan da ke ƙasa. Ya sa hannu ya kakkaɓe shi ya ci gaba, kamar yadda ashe ya yi ta kakkaɓewa a baka ta farko bai kula ba. Da ya sauko hawa na biyu, ga wasu gidajen har uku a jere. A nan ya tsaya. Ina ƙasa ina kallonsa. Ya ɓalle ɗaya a hankali ya ɗora a tafin hannu yana juyawa, ya daɗe. Sai kawai muka ji ya kwarma ihu, ya miƙe a kan bangon da ko taku biyu bai kai faɗi ba, ya kama rawa. Makaɗi ya ga abin nema ya samu, ya ƙara wuta. Jama'a suka rugo suna cewa an ga layar. Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ga layar! Ga aljanin! Zanzaro ne!"

Da ya sauko, hawaye da dariya duk a fuskarsa, ya yi mana bayani. Zanzaro ba ya gini a kan ɗanyar ƙasa, kuma ba ya gini inda ake ta buge-buge. Ga shi kowane gida ƙofarsa a huje take, wato ya gina, ya yi ƙwai, 'ya'yan sun girma sun fasa sun tashi, duk kafin a ɗora hawa na gaba. Ashe Baba in ya ɗaura hawa ɗaya sai ya tafi ya bar shi makonni, ya bushe har cikin ƙashinsa, azara ta zauna, sannan ya dawo ya ɗora masa nauyi. Shi kuwa Yaya da zafin namansa, kwana biyu yake bari, da ya taɓa ya ji bayan ya bushe sai ya hau, alhali cikin ɗanye sharaf yake. Wani tsoho daga cikin masu buzu ya buga cinya ya ce, "Af! Shi ya sa! Mu da muka yi ta zagin ubanku muna cewa malalaci ne, ya fara aiki ya gudu kamun kifi!" Wuri ya kaure da dariya. Yaya ya ce, "Sauri ya haifi nawa, Baba. Shekara ashirin ina sauri, ga inda na iso."

Ran na bakwai kafin la'asar wurin ya zama fili, har mata sun yi shara. Mai Lofe ya zagaya ya dudduba, sai ya sa na tambayi dalilin rawar jiya. Da na gaya masa, ya karɓi gidan zanzaron ya duba da kyau ya mayar. Bayan wata biyu, da aka zuba simintin ƙafar gada, Yaya ya zo kallo, ya tarar an lulluɓe ta da buhuna ana ta yayyafa ruwa, an hana kowa ɗora komai. Ya tambaya, na ce Bature ya ce sai ta yi makonni tana shan ruwa kafin ta ɗauki ƙarfe. Yaya ya ce, "Gaya masa, ashe shi ma yana da zanzaronsa." Ranar ce kaɗai na ga haƙoran Mai Lofe.

Da rani ya zagayo wani attajirin gyaɗa a Ajingi, Alhaji Bukar, wanda kakanninsa daga Barno suka zo, ya yi kasadar ba Yaya ginin zaurensa. Yaya ya sa azarar Soron Mashigi, ya ɗaura hawa na farko, ya wanke hannu ya koma gindin bishiya. Mako ɗaya, biyu. Alhaji ya zo ya ce, "Malam Habu, lafiya? Ko an yi maka laifi ne?" Ya ce, "Lafiya lau, Alhaji, babban magini muke jira, bai iso ba tukuna." Mutumin da a da ba ya iya zama ya gama shan fura, shi ne ya koyi zaman jira, kuma na san ba ƙaramin yaƙi ya yi da kansa ba. Aikin ya ci rani guda cur. Damina ta zo ta wuce, ta biyu ta zo ta wuce, baka ko gezau. Ran wata kasuwa Yaya ya bi ta rumfar mahauta da gangan, yana tafe yana jan ƙafa, ya ce, "Ina masu ginshiƙi? A ara mini ɗaya mana, nawa sun ƙare." Suka ba shi tsire kyauta.

Yau in na dubi gari nakan ce ko me Yaya zai ce. Kwano ya shigo, siminti ya shigo, 'yan kwangila suna tayar da kanti a kwana arba'in, kowa ka taɓa sai zancen mulkin kai da za a ba mu. Ba na jin zai yi fushi, don shi ba mai ƙin sabon abu ba ne. Jirgin da ya ci soron ubansa ma ya fi kowa sonsa. Yakan yi tattaki zuwa tasha ya hau don kawai a bi da shi ta kan gadar, in an zo daidai wurin ya leƙa taga ya ce wa na kusa da shi, "Nan ɗakin karatuna ne." Abin da na tabbata zai yi shi ne ya zagaya ginin 'yan kwangila ya ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa, ya kara kunne, ya tambayi kwana nawa aka bari. In an gaya masa ya yi dariyar nan tasa ya ce Allah Ya kyauta.

Bai bar dukiya ba, kuma 'ya'yansa duk mata ne. Abu ɗaya ya ɗaukar wa kansa: duk maginin da ya zo wajensa, nasa ne ko na wani, sai ya gaya masa zancen nan tun kafin ya tambaya. Yakan ce Baba bai ɓoye ba, ajali ne ya riga shi, amma shi ba zai yarda ajali ya riga shi ba.

Watan jiya na je Kademi ɗaurin aure. A hanyar masallaci na ga wani zaure an ɗaura masa baka rabi an bari, maginin kuwa, wani magidanci da ban taɓa gani ba, yana zaune a inuwa yana gyaran igiya. Na yi masa sannu da aiki, na ce me ake jira? Ya ce, "Zanzaro, Baba. Sai ya yi gida 'ya'yansa sun tashi." Na ce wa ya koya maka? Ya ce maigidansa. Na ce shi kuma fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ai haka ake yi tun kaka da kakanni." Na ce ko ya taɓa jin sunan Habu Magini na Ajingi? Ya ce a'a, wane ne?

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Har na buɗe baki zan zazzage masa labarin tun daga turakun awo, in gaya masa wannan abin da yake faɗa kamar ruwan sha, wani sai da ya yi shekara ashirin ana yi masa dariya, ya rushe aikin ubansa da hannunsa, kafin ya same shi. Sai na sake dubansa, yana zaune hankalinsa kwance, ba wanda ya taɓa yi masa dariya a rumfar mahauta, ba kuma soron da zai fasa. Abin da Yaya ya so ke nan. Na ce masa, "Wani magini ne, Allah Ya yi masa rasuwa." Ya ajiye igiyar ya ɗaga hannu ya ce, "Allah Ya jiƙansa." Na ce amin, muka shafa tare.